Tela Ake Ce Masa

Safiyya ce ta jawo wannan babin, don haka idan ya yi tsawo ita za ku tuhuma. Ga waɗanda za su karanta bayan ƙasa ta rufe mini ido, Safiyya 'yar babban ɗana Abba ce, wadda ta tafi Ingila koyon aikin jinya. Wata Juma'a bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida a nan Ka'akiyya, cikin Makka, ta kira ni a waya, irin kiran nan da ake ganin fuska. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta jefo mini tambaya da Hausarta mai ɗingishi, wadda rabinta Larabci ne.

"Ya jaddi, wai da gaske asalinmu Turawan Ingila ne?"

Na ɗaga bayan hannuna na kara a fuskar wayar, na ce ta duba da kyau ta ba kanta amsa. Ta yi dariya, amma ba ta saki maganar ba. Ta ce a asibitin da take koyon aiki, duk sanda ta ce sunanta Safiyya Tela sai su rubuta Taylor, har wata tsohuwa mara lafiya mai wannan sunan ta riƙe mata hannu ta ce ashe dangi ne. Shi ne ta je ta bincika. Wai sunan sana'a ne, na mai ɗinka tufafi, kuma tushensa wata kalmar Faransanci ce mai nufin yanka, tunda maɗinki sai ya yanka yadi kafin ya ɗinka. Wai a zamanin da can su ma mutanen ƙasar ba su da sunan gida, sai aka riƙa kiran mutum da sana'arsa, maƙeri, mai gasa burodi, mai niƙa, 'ya'ya kuma suka gaji sunan ko ba su taɓa riƙe allura ba. Ta ce yau sunan yana cikin waɗanda suka fi yawa a Ingila, ya kuma bazu Amurka da Ostareliya da duk inda mutanensu suka je suka zauna. A tunaninta, tunda sun zauna a Kano ma, wataƙila wani a cikinsu ne ya bar mana shi.

Na ce mata rabin maganarta gaskiya ne. Kalmar tasu ce, ban musa ba. Kakanninmu maɗinki suke cewa, mai allura da zare a zaure. Da keken ɗinki ya zo tare da Turawa sai ya zo da sunan mai aiki da shi, bakin Bahaushe ya lanƙwasa shi ya koma tela. Iyakar abin da ya haɗa mu da tsohuwar nan ke nan, a gaishe ta da jiki. Amma yadda kalmar ta hau takardunmu ta zama sunan gida, wannan ba aikin Bature ba ne, aikin mahaifiyata ne, Inna. Na sha ba ku labarin guntu-guntu a wajen cin abinci, kullum kuma ina tsallake wurin da ban fito da kyau ba. Yau zan faɗe shi duka, da Hausa, don ku sha wahalar karantawa kamar yadda nake shan wahalar sauraron taku.

Mahaifina ɗan Fagge ne a Kano. Ya baro gida da amaryarsa da niyyar hajji ta ƙasa, yadda talakawa suke yi a lokacin, a yi tafiya a tsaya a nemi guzuri a ƙara gaba. Kayansa mai nauyi guda ɗaya ne, keken ɗinki na hannu, naɗe a bargo a bayan jaki. Duk garin da suka yada zango sai ya kafa shi a inuwa a bakin kasuwa, kafin azahar an san Tela ya sauka. Sun daɗe a Sudan, a wani ƙauyen Hausawa cikin gonakin auduga inda yayarsa take aure. A can Inna ta haifi 'yarta ta fari, Hajara. Da aka yaye ta sai Gwaggo ta ɗauke ta riƙo, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari, kuma da lokacin tsallaka teku ya yi, ba wanda ya ga dalilin raba yarinya da mai riƙonta saboda tafiyar da aka ce ta shekara ɗaya ce. Shekara ɗayar ce ba ta ƙare ba. Suka sauka unguwar Jarwal a Makka, ya kama ɗan shago a layin da alhazai ke bi zuwa Harami, aka haife ni, ina da shekara shida ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Abin da na riƙe nasa kaɗan ne. Ina tuna ƙarar keken, da alli a bayan kunnensa, da yadda yake cizge zare da haƙori almakashi kuwa yana gabansa.

Dole in yi muku bayanin alkunya, don na san a cikinku akwai mai kiran mijinta da sunansa gatsal daga wannan ɗaki zuwa wancan. Inna sunaye uku ne ba sa fita daga bakinta: na mijinta, na surukinta, da na 'yarta ta fari. Ba wanda ya tsare ta da sanda ya hana ta, haka ta ga uwarta tana yi, kuma a wurinta faɗin sunayen nan daidai yake da fita titi ba mayafi. Sunan mahaifina Abubakar, to duk wani Abubakar da ke Jarwal ya zama mai sunan Tela a bakin Inna, ko da kuwa mahauci ne. Sahabin Annabi ma sai dai ta ce Siddiƙu. Surukinta Musa ne, don haka duk Musa Kallamu ne. In tana ba ni labarin Safa da Marwa sai ta ce uwar Isma'ila ta yi ta kai-komo tana neman ruwa, sai da na shiga makaranta na san cewa matar tana da suna.

Bayan ta fita takaba aka ce ba za a ɗauke ni makaranta ba sai da takarda. Inna ba ta jin Larabci in ban da na cefane, sai ta roƙi Baba Ɗanjuma mai tsire, wanda teburinsa ke jikin shagon mahaifina, ya raka ta ya yi mata tafinta. Magatakardan ya tambayi sunan yaro, ta ce Usman, don ni na biyu ne, ba kunya a kaina. Ya tambayi sunan uba. Baba Ɗanjuma ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga babu komai a ciki. Shekara bakwai suna shan shayi a kofi ɗaya da mutumin, bai taɓa tambayarsa sunan yanka ba. Ya juyo ya ce da Inna ta tuna masa, Inna ta sunkuyar da kai tana kallon yatsun ƙafarta. Layi ya yi tsawo a bayansu, ga zafi. Magatakardan ba mugu ba ne, ya jira, ya sake tambaya, da ya ga matar ba za ta ɗago ba sai ya ce ai dukanmu bayin Allah ne, ya rubuta Abdullahi. Aka zo sunan kaka, Inna ta ƙara sunkuyawa, ya sake rubuta Abdullahi. Sannan ya tambaya ko marigayin yana da wani laƙabi da aka san gidansa da shi. Nan Inna ta ɗago kai, don an zo inda take da baki.

"Tela ake ce masa."

Haka na zama Usman Abdullahi Abdullahi Tela, kuma ba zan ɓoye muku ba, na tsani sunan nan. A makaranta yaran Larabawa kowa da sunan ƙabilarsa mai tsawo kamar igiyar guga. Namu mutanen ma akwai Hausawi, akwai Barnawi, akwai Fallata, ko ba komai an san inda mutum ya fito. Ni kuwa duk sabon malami sai ya tsaya a kan sunana ya karkata kai, wani ya karanta Tila, wani Taila, sannan ya tambaye ni wannan kuma wace ƙabila ce. In na ce ba ƙabila ba ce, ɗinki ne, sai aji ya kwashe da dariya. Na san sunan ubana na gaskiya daga bayan ambulan wasiƙun da Gwaggo take aikowa daga Sudan, ba daga bakin Inna ba. Tun ina saurayi na ƙudura a raina cewa wata rana sai na kankare Tela daga takarduna na sa Abubakar Musa.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, na riga na yi aure, ina tuƙa bas ɗin alhazai, Abba yana rarrafe. Na sa masa sunan mahaifina, shi ya sa har yau ba mai kiransa da sunan yanka a gidan nan. A watan Rajab aka ƙwanƙwasa mana ƙofa a Jarwal da hantsi. Na buɗe na ga wata doguwar mata cikin lulluɓi irin na matan Sudan, da akwatin ƙarfe ɗaya a gefenta, tana kallona da idon Inna sak. Ta tambaya ko nan ne gidan Tela. Yaya Hajara ce. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, mijin Yaya ya rasu a damunar da ta wuce, 'ya'ya biyun da ta haifa ba wanda ya rayu. Ta sayar da awakinta ta nemi bizar umara ta taho ganin uwar da ta rabu da ita tana shekara uku.

Ku da kuka saba da rungume-rungume a filin jirgi, ga yadda aka yi. Inna ta fito daga ɗaki, ta dube ta sau ɗaya, ta kawar da kai ta ce da bango an zo lafiya. Yaya ta durƙusa ta ce lafiya lau. Inna ta ce da matata ta ba baƙuwa ruwa, ta shige kicin. Ran nan ta dafa abincin da zai ishi mutum goma, ta hana kowa taya ta. Ta zuba wa Yaya naman duka, ta aika da kwanon ta hannun matata. Da za a shimfiɗa wa Yaya a falo, Inna ta ce falon akwai sauro, a kai tabarmar ɗakinta. Ban taɓa ganin sauro a falon nan ba.

Kwanakin biza suna da iyaka, Yaya kuwa ba ta da wanda za ta koma wa. Na je na tambaya, aka ce zan iya tsaya mata ta sami iƙama, wato takardar izinin zama, in har na tabbatar cewa 'yar uwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce ai wannan da sauƙi, na ajiye fasfonta kusa da takardata. Ma'aikacin ya duba wannan ya duba wancan. Nata ya ce Hajara Abubakar Musa, tawa ta ce Usman Abdullahi Abdullahi Tela. Ya ce shi bai ga inda muka haɗu ba ko a harafi ɗaya, sai dai in je kotu in kawo hukuncin alƙali cewa Abubakar Musa da Tela mutum ɗaya ne. In ban kawo ba kafin biza ta ƙare, Yaya za ta hau jirgin ruwa ta koma.

Ga wurin da nake tsallakewa. Da na ji haka, ba Yaya kaɗai na tuna ba, na tuna kaina. Na ce ashe rana ta zo. Idan alƙali ya rubuta cewa ubana Abubakar Musa ne, da wannan hukuncin zan gyara sunana. Tun kafin a sa mana ranar zama na je wurin mai rubuta takardun koke da ke zama a ƙofar kotu, ya rubuta mini takardar neman gyaran suna da kyakkyawan rubutu, saura sa hannu kawai. Na ninke ta na sa a aljihun gaba, ban gaya wa kowa ba.

Zaman farko abin dariya ne in ba kai abin ya shafa ba. Baba Ɗanjuma ya tsufa tukuf a lokacin, na riƙo shi har gaban alƙali. Ya rantse cewa ya san marigayin, maƙwabcinsa ne, shi ya ɗauki makararsa zuwa maƙabartar Ma'alla, kuma ni ɗansa ne ba shakka. Alƙali ya tambaye shi sunan marigayin, Baba ya dube shi kamar an yi masa tambayar yara ya ce Tela mana. Sauran tsofaffin da suka yi hanya tare da iyayena duk sun riga mu gidan gaskiya. Wasiƙun Gwaggo kuwa Inna ta daɗe da kunna wuta da su, don ita ba ta ajiye takardar da ba ta iya karantawa. Mutum ɗaya ya rage a duniya wanda ya san ɗaurin auren, ya san haihuwar, ya san sunan. Aka kira Inna. Tafintan kotu, wani dattijo ɗan Barno, ya maimaita mata tambayar da Hausa har sau uku, Inna tana kallon yatsun ƙafarta kamar yadda ta yi shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Na miƙe na roƙi alƙali ya bar ni in faɗi sunan, ita kuma ta gyaɗa kai. Ya ce ba a sa wa shaida magana a baki, musamman daga wanda shaidar za ta amfana. Tafintan ya matsa ya yi masa bayanin al'adarmu a hankali. Alƙalin ya saurara, ya ce ya ji kuma ya girmama, amma ba zai rubuta abin da kunnensa bai ji ba. Ya ba mu mako ɗaya.

Da muka koma gida na yi abin da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ɗaga wa Inna murya. Na ce kunyarta ce ta sa aka yi mini dariya tun ina yaro, yanzu kuma kunyarta za ta jefa 'yarta a teku. Na ce mutumin ya mutu ya zama ƙasa, wa zai ji, wa zai ce ta yi rashin kunya. Na ce wannan ba addini ba ne, matan Annabi ma suna faɗin sunaye. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma duk da mugun nufi na faɗe shi, da takardar nan a aljihuna. Inna ta tashi ta ɗauki tiren shinkafa ta shiga kicin ta fara tsince tsakuwa. Yaya ce ta ja ni gefe, a bakin ƙofar kicin ɗin, inda ta san ana jin mu.

"Bar ta, Usman. Na zo in ga fuskarta, na gani. Ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba kuma yau zan fara nema ba."

Daga ran nan Yaya ta fara shirin komawa ba tare da ta ce tana shiri ba. Ta wanke kayanta ta ninke a akwatin ƙarfen, ta sayi dabino da ɗan turare na tsarabar maƙwabta, kullum kuma tana Harami daga asuba har hantsi kamar mai ban kwana. Ita da Inna suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci baya da baya, maganarsu ba ta wuce miƙo mini gishiri. Ni da Inna kuwa ko wannan babu. Ina gaishe ta da safe ta amsa, shi ke nan. Na je wurin wani malami a unguwa ya zo ya yi mata nasiha cewa babu laifi a shari'a, ta ba shi shayi, ta yi masa godiya, ta raka shi ƙofa.

Ranar da za a koma kotu ban ma yi niyyar zuwa ba, don ban ga amfanin sake tsayuwa a gaban mutane ana kallonmu ba. Na dawo daga sallar asuba na tarar da Inna zaune a bakin gado ta gama shiri. A ƙarƙashin abayarta ta sa wata tsohuwar riga shuɗiya mai aiki a wuya, wadda ban taɓa ganin ta a jikinta ba, sai dai a ƙasan adaka. Daga baya matata ta gaya mini ita ce rigar ƙarshe da mahaifina ya ɗinka mata. Ta ce in je in tayar da mota, kada mu sa alƙali jira.

Da aka kira ta, ba ta tsaya inda tafinta ya nuna mata ba. Ta ɗan juya gefe, yadda ba ta fuskantar alƙali, ba ta fuskantar mu, sai taga. Tafinta ya fara maimaita tambayar, ta ɗaga masa hannu alamar ta ji tun wancan makon. Sannan ta yi magana da wata murya ƙarama wadda ban san ta da ita ba.

"Mijina Abubakar ne, ɗan Musa, mutumin Fagge. Shi ake ce wa Tela."

Alƙalin ya ce a rubuta. Ya tambaya ko ta san matar da ke zaune a can. Inna ba ta waiwaya ba.

"'Yata ce. Ni na haife ta, ranar Talata, ana cirar auduga. Hajara."

"Na'am, Inna."

Yaya ce ta amsa daga kan benci, da ƙarfi, ta ma miƙe tsaye. Ba wanda ya tambaye ta komai, kuma na tabbata ba ta san ta yi ba sai da maganar ta fita. Babbar mace, ta amsa kamar yarinyar da aka kira daga wasa. Sannan ta toshe bakinta da gefen lulluɓi ta zauna tana kuka ba sauti. Tafintan ya tsaya bai fassara ba, alƙalin kuma bai nemi a fassara masa ba. Ya sa hannu a hukuncin, ya ce da Inna Allah ya saka mata da alheri, ya kira shari'a ta gaba.

A mota Inna tana gaba kusa da ni, Yaya tana baya. Ni raina fari ƙal, ina ta lissafa ofisoshin da zan bi. Muna tsaye a cunkoson shiga Jarwal Inna ta yi magana, idonta a kan titi.

"Ita dai ta amsa."

Ban gane ba a lokacin, don jaki ne ni a shekarun nan. Na ɗauka daɗi take ji, sai na ga dama ta samu, na zaro takardar daga aljihu na nuna mata. Na ce tunda an gama mai wuyar, gobe zan kai wannan a cire Tela a sa sunan mahaifina na gaskiya, ni da Abba da duk wanda za a haifa. Ta dubi takardar da ba ta iya karantawa, ta daɗe tana dubanta.

"Gyara abinka, kai ke yawo da shi. Wancan sunan uwarsa ce ta san shi da shi. Ni Tela nake cewa ya juyo."

Sai a nan na fahimci maganarta ta farko. Mutum biyu ta kira a ɗakin nan, da sunan da ba ta taɓa kiransu da shi ba, ɗaya ne ya amsa. Na tuna ina ƙarami, tana tsaye a ƙofar shago da kwanon abinci a rufe, ta ce Tela, ƙarar keken ta tsaya, ya juyo da zare a bakinsa. Motocin baya suka yi ta danna mini oda, ban san hanya ta buɗe ba.

Yaya ta sami iƙamarta kafin azumi. Ta zauna da mu har aka rushe layinmu na Jarwal muka dawo Ka'akiyya, ita ta yi jinyar Inna, ita ta yi mata wanka. Inna ba ta sake faɗin ko ɗaya daga sunayen nan ba har ta koma ga Allah, Yaya ta koma ke, ko waccan, kamar da. Ni ma ban taɓa ba ta haƙuri da baki a kan ɗaga muryar da na yi ba, kuma wannan yana damuna fiye da yadda zan iya rubutawa. A gidanmu ba a saba irin wannan maganar ba, na yi ta jiran ranar da za ta zo da sauƙi, ba ta zo ba.

Takardar kuwa ban kai ba washegari, ban kai ba har yau. Abin bai zo mini kyauta ba. Duk sanda wata hulɗa ta haɗa sunana da na Yaya sai na ɗauko hukuncin alƙali na yi bayani daga farko, har takardar ta yage a ninki na manne ta da salatif. Abba ya sha irin dariyar da na sha a makaranta, kuma da ya girma ya ji cewa na sami damar gyarawa na ƙi, ya yi wata guda yana gaishe ni a tsaye. Ban gaya masa dalili ba, na ce masa kawai layin ofishin ne ya yi mini tsawo. To Abba, ga dalilin, ka same shi a makare.

Safiyya, in sun sake rubuta miki Taylor ki gyara musu, harafi huɗu ne, ba wuya. Ki gaya wa tsohuwar cewa kalmar tasu ce, mun gode da aro, amma ba kakanta ba ne ya ba mu. In kin dawo hutu ki shiga ɗakina, keken yana bayan ƙofa a lulluɓe da bargo. Ki ɗaga shi, a ƙasa akwai ɗan akwatin da ake ajiye allura da zare. Takardar tana ciki a ninke huɗu, rubutun bai goge ba, wurin sa hannun yana nan fari. Nan Makka ba a rubuta suna a kan kabari, don haka ban san daidai inda ubana yake kwance a Ma'alla ba, ban san na Inna ba. In na je ziyara sai in tsaya a bakin katanga in yi wa Abubakar ɗan Musa addu'a, yadda malamai suka koya mana. In na gama, kafin in juya, sai in ce Tela a hankali, yadda take faɗa.